Ɗana Mai Zane, Wa Zai Dawo Gobe?

Ranar 12 ga Yuni, 2000, wani ma'aikacin kamfanin Novell a jihar Utah ta Amurka, mai suna Howard Tayler, ya ɗora zanen barkwancinsa na farko a intanet. Labarin wasu sojojin haya ne masu yawo a sararin samaniya, ya raɗa masa suna Schlock Mercenary. Duk wanda ya koma ya duba zanen nan na farko zai ga hannun ɗan koyo ne, fuskoki a karkace, jiki ba tsari. Washegari ya ɗora na biyu, rana ta uku ma haka. Bai tsaya ba sai ranar 24 ga Yuli, 2020, da ya rufe labarin. Shekara ashirin cur, ba a taɓa wayar gari masu karatunsa suka buɗe shafin suka tarar babu sabon zane ba. Tun a 2004 ya ajiye aikin kamfani, zanen ya zama shi ke ciyar da iyalinsa.

Ya kamata labarin nan ya kai kunnen samari da 'yan matan da ke zane a Kano da Zariya da Jos da Maraɗi da Damagaram, masu fitar da katun da yatsa a fuskar waya da manhaja irin su ibisPaint, da masu zanawa a takarda su ɗauki hoto. Baiwa akwai ta, har da ta ban mamaki. Abin da ke ci wa mai lura rai shi ne yadda tafiyar ke ƙarewa iri ɗaya. Matashi zai buɗe shafi da ɗoki, ya zuba zane biyar a mako guda, abokai su yi ta yabo, ɗaya daga ciki ya zagaye gari a WhatsApp. Mako na uku sai jarrabawa ta zo, ko waya ta lalace, ko kuwa zane na shida bai samu karɓuwar na biyar ba. Sai shiru. Bayan wata huɗu ya dawo da ban haƙuri da alkawarin sabon salo, ya tarar mutane sun watse. Daga nan ya yanke hukunci cewa Bahaushe ba ya son katun. Alhali Bahaushe ya so, har ya zo, bai tarar da mai gida ba ne.

Ɗana, 'yata, tambayar da ya kamata ta kwana ta tashi da mai wannan sana'a ita ce: cikin waɗanda suka ga zanen yau, mutum nawa ne za su tako da ƙafarsu su nemi na gaba? Duk sauran shawarwari daga nan suke fitowa.

Abu na farko da ke tsayar da mai zane tun bai tashi ba shi ne jiran sai hannunsa ya nuna. Yana kallon aikin ƙwararru na Japan da Amurka, sai ya ji kunyar fito da nasa. To ai a Japan ɗin ne, a 2009, wani matashi da ke sa hannu da sunan ONE ya fara ɗora labarin One-Punch Man a shafinsa, da zanen da malamin zane ba zai ba shi maki mai yawa ba. Amma labarin yana da kai: jarumi ne da ƙarfinsa ya kai yana kashe kowane abokin gaba da naushi ɗaya, har rayuwa ta gundure shi don babu mai ja da shi. Mutane suka yi dafifi. A 2012 ƙwararren mai zane Yusuke Murata ya fara sake zana labarin da nasa hannun, a 2015 aka mai da shi katun ɗin talabijin da ya zagaye duniya. Rich Burlew, da ya fara The Order of the Stick a 2003, mutanensa kai da'ira ne, hannu da ƙafa kamar tsinke. Haka su ma mutanen xkcd na Randall Munroe, su ko fuska ba su da ita. Ba izinin sakaci ake bayarwa ba. Ana nuna cewa mai karatu yakan yafe karkataccen hanci, amma ba ya yafe labarin da ba shi da ɗanɗano. Hannu kuwa a bakin aiki yake gyaruwa. Wanda ya zana shafi ɗari uku a gaban jama'a zai wuce wanda ya shekara uku yana goge shafi ɗaya a ɗaki.

Sai batun alkawari, wanda nan ne aka fi faɗuwa. Penny Arcade, na Jerry Holkins da Mike Krahulik, tun 1998 yake, kuma masu karatunsa sun san ranakunsa: Litinin, Laraba, Juma'a. Ranakun xkcd ma ke nan. Ba wani sirri a cikin waɗannan ranaku, sirrin yana cikin sabo. Mai shayin bakin titi da ke hura wutarsa bayan sallar asuba kullum ba ya bukatar shela, ƙafafun mutane su ke kawo su. Ran da ya fara buɗewa yau da asuba, gobe da hantsi, jibi ba ya nan, ko shayinsa ya fi na kowa kauri, jama'a za su koma wurin maƙwabcinsa. Mai zane ya zaɓi ranar da zai iya riƙewa, ya faɗe ta a fili, ya rubuta ta a saman shafinsa. Sau ɗaya a mako, kowace Juma'a da yamma, ya fi kullum-kullum ɗin da zai mutu a kwana na tara. Alkawari kaya ne, kuma mai hankali yakan gwada nauyin kaya kafin ya ɗora a ka.

Yadda Tayler ya riƙe nasa ba sihiri ba ne. Yana zana na makonni masu zuwa ya ajiye, saboda haka zanen da mutane ke gani yau ya daɗe da gamawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matashin da ke zaune inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, inda caji kan ƙare a tsakiyar aiki, ya fi Ba'amurke bukatar wannan ajiya. Kafin ya sanar da kowa cewa ya buɗe shafi, ya tara zane takwas ko goma gamammu. Ya san watan azumi na tafe, ya san lokacin jarrabawa, ya san za a yi biki a gidansu da zai cinye masa mako. Duk ya lissafa su tun da wuri. In kuma abin da ya fi ƙarfinsa ya faru, ya fito ya faɗa. A 2012 Burlew ya ji mummunan rauni a babban yatsan hannun da yake zane da shi, ya yi watanni bai iya aiki ba. An sanar da masu karatu, suka jira shi, domin shekara tara ya yi yana tara amana a wurinsu. Wanda ya ɓace ba bayani a wata na biyu ba shi da irin wannan jarin.

Kuskure na gaba yana da kama da kyakkyawar niyya: son a faranta wa kowa. Yau zanen siyasa, gobe na soyayya, jibi hoton wani mawaƙi, gata tatsuniyar yara. Mai karatu ya rasa me zai zo nema. Waɗanda suka yi nisa, da ƙaramar da'ira suka fara. Jorge Cham ya fara PhD Comics a 1997 yana ɗalibi a jami'ar Stanford, kuma ba abin da yake zanawa sai wahalar masu karatun digiri na uku: malamin da ba ya karanta aikin ɗalibi, bincike da ya ƙi ƙarewa, talaucin aljihu. Ɗalibai a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suka ga kansu a ciki, suka riƙa tura wa juna. Penny Arcade na masu wasan kwamfuta ne, wanda ba ya wasan sau da yawa ba ya ma gane abin dariyar, kuma masu shi ba su damu ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya zauna gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022 yana da labarin da ba wani ɗan Tokyo da zai iya zanawa. Haka wanda ya sha layin banki da na masu POS a ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da wanda ya san hirar cikin Adaidaita Sahu, da 'yar da ta san abin da ke gudana tsakanin amarya da dangin miji a makon farko. Waɗannan su ne dukiyar. Abin lura ne cewa Roye Okupe, haifaffen Legas, shi ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina jarumarsa Malika a kai, ya kai ta kasuwar Amurka, alhali 'ya'yan Zazzau da yawa suna can suna kwaikwayon jaruman wasu. Babu laifi a koyi fasaha daga ko'ina, amma kayan aro ba ya rufe katara. Shi kuma harshen Hausa ba ƙaramar kasuwa ba ce. Zanen da aka yi a Katsina, in maganar cikinsa ta zauna, za a yi dariyarsa a Yamai, a zangon Kumasi, a Garwa, a Njamena, har a Sudan. Sai dai a rubuta Hausar da kyau, a raba kalmomi inda ya dace, a kuma tabbatar salon rubutun da aka zaɓa yana fitar da haruffa masu lanƙwasa, kada su koma akwatuna a wayar mai karatu.

Cikin wannan ƙaramar da'ira ma, mutum ake dawowa gani. Barkwanci ɗaya, komai daɗinsa, ana dariya a wuce. Amma in akwai wani tsoho mai rowa da kullum dabararsa ke juye masa, ko wata yarinya mai bakin tsiya da ba ta barin ta kwana, sai mai karatu ya fara tambayar kansa me za su yi wannan makon. Simon Tofield na Ingila da kyanwa ɗaya mai kwaɗayi ya gina Simon's Cat tun daga 2008, baƙi da fari, ba ko magana a ciki. A ba jarumi suna, da hula ko ɗaurin ɗankwalin da za a gane shi da shi daga nesa, da wani hali da ba ya rabuwa da shi.

A tuna kuma a ina ake karatun. Ba a kan faffaɗar takarda ba ne, a waya ne, sau da yawa mai tsagaggen gilashi, a hannun mai lissafin data. Mutanen Koriya ta Kudu sun gane haka da wuri. Dandalin Webtoon na kamfanin Naver, da aka buɗe a 2004 aka kuma fitar da shi duniya a 2014, ya ginu ne a kan labarin da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa, ana ja da yatsa. A ɓangarensa da kowa ke iya ɗora aiki ne Rachel Smythe ta New Zealand ta fara, kafin labarinta Lore Olympus ya ci lambar yabo ta Eisner a 2022. Darasin mai sauƙi ne: kafin a saki zane, a tura shi zuwa waya mafi araha a gidan, a ba ƙane ko inna su karanta. In sai sun buɗa hoton da yatsu biyu kafin su ga rubutu, rubutun ya yi ƙanƙanta. In maganar ta cika kumfar, a rage ta. WhatsApp yana matse hoto, ƙananan haruffa su dusashe, don haka a gwada nan ma.

Yanzu ga lambobi, masu sa matashi farin ciki da safe su hana shi barci da dare. Zane ɗaya zai iya tashi ya kai ga mutum dubu ɗari, mai shi ya ɗauka ya iso. Mako mai zuwa na gaba ya tsaya a ɗari uku, sai gwiwa ta yi sanyi. Gaskiyar ita ce ɗari ukun nan su ne nasa, dubu ɗarin 'yan wucewa ne. Aikinsa shi ne duk lokacin da irin wannan ambaliya ta zo, baƙo ya tarar da abin da zai riƙe shi: tsofaffin zane a jere, farkon labari a inda za a gan shi, ranar fitowar na gaba a rubuce. Sayen mabiya kuwa, wanda ake tallarsa da araha, cutar kai ce. Mabiyan bogi ba sa karatu, ba sa turawa, kuma manhajojin nan suna auna yawan waɗanda suka kula da abu cikin waɗanda aka nuna wa. In aka cika shafi da gawarwaki, sai na'ura ta ɗauka aikin ne ba ya jan hankali, ta rage nuna shi har ga masu rai. Haka ƙungiyoyin bi-ni-in-bi-ka: taron masu talla ne, ba mai saye a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi, wato gina komai a filin da ba naka ba. A Janairun 2018 Facebook ya sanar da cewa zai fifita abin da dangi da abokai suka ɗora a kan na shafuka, masu shafuka da yawa suka ga mutanen da suka bi su da kansu sun daina ganin aikinsu sai an biya kuɗin talla. A 2021 shugaban Instagram ya fito ya ce manhajar ta tashi daga ta hotuna zalla, hankali ya koma bidiyo, masu zane suka ji a jikinsu. Smack Jeeves, dandalin da ya ɗauki dubban labaran zane shekara da shekaru, an rufe shi a ƙarshen 2020. A gida ma an gani. Daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, wanda duk jama'arsa ke can ya wayi gari da katanga tsakaninsa da su. OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya da dama, har da na Hausa, ke sayar da littattafai, ya rufe a Nuwamban 2023. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba cewa ake a guji waɗannan dandali ba, ai can mutane suke, can za a same su. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai zane ya kasance yana da hanya fiye da ɗaya ta kaiwa ga masu karatunsa: tashar WhatsApp ko Telegram da saƙo ke isa kai tsaye, da ɗan shafi nasa na kansa, ko da na kyauta ne, inda duk aikin ke jere daga na ɗaya. Suna ɗaya a ko'ina, don wanda ya rasa shi a nan ya same shi a can. Asalin zanen kuma, mai cikakken girma, a ajiye shi a wuri biyu. Matasa nawa ne aikin shekara biyu ya tafi tare da wayar da aka fizge a kasuwa?

Sata kuwa za a yi ta, gara a shirya. Zanen da ya yi daɗi za a yanke sunan mai shi a ɗora a wani shafi. Matthew Inman, mai The Oatmeal, ya yi kuka da wani dandali mai suna FunnyJunk da ke cike da zanensa ba suna. A 2012 lauyan dandalin ya aiko masa da takardar neman dala 20,000 bisa zargin ɓata suna. Inman ya kai maganar gaban masu karatunsa, ya ce zai tara kuɗin amma ƙungiyoyin agaji biyu zai ba, aka tara sama da dala 220,000. Ba kowa ke da irin wannan runduna ba, amma kowa zai iya sa hannunsa da sunan shafinsa a cikin zanen, a tsakanin akwatuna ko a jikin bango, inda ba za a yanke ba sai an lalata hoton. In an yi haka, ɓarawo ma talla yake yi maka. Wanda ya tura da suna kuwa a gode masa, shi ne ke kawo baƙi.

Sai kuɗi, wanda shi ne a zuciyar kowa, kuma ba abin kunya ba ne. Matsalar ita ce gaggawa. Matashi yana da mabiya ɗari biyu, ya kulle labarinsa ya ce sai an biya. Wa zai sayi abin da bai ɗanɗana ba? Phil da Kaja Foglio sun fara Girl Genius a matsayin mujallar sayarwa, a 2005 suka mai da shi intanet kyauta, suka riƙa samun kuɗinsu daga littattafan da ke tattara shafukan. Comic Republic, da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, kyauta ya riƙa sakin labaran jarumansa irin su Guardian Prime, yana samun kuɗi daga ayyukan da kamfanoni ke ba shi. Ba ma sai an je nesa ba. Marubutan littattafan Hausa na intanet, akasarinsu mata, sun daɗe da gano hanyar: littafi na farko da na biyu kyauta, ana sakin shafi kullum har mutane su kamu, sannan na gaba a ba da somin-taɓi, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Mai zane yana da abin koyo a wurin waɗannan yayye nasa fiye da yadda yake zato.

Manyan lambobin da ake ji daga waje su ma a fahimce su daidai. A 2012 Burlew ya nemi taimakon sake buga littattafansa a dandalin tara kuɗi na Kickstarter, mutum kusan 15,000 suka tara masa sama da dala miliyan 1.2. A 2015 wasan kati na Exploding Kittens, da Inman ya zana, ya tara sama da dala miliyan 8.7 daga mutum fiye da 219,000. Ba dandalin ne ya haifi waɗannan mutane ba, shekarun da aka yi ana ba su abin dariya kyauta ne suka haife su, ranar tara kuɗi girbi kawai aka yi. Kevin Kelly ya yi wani rubutu a 2008 da ya shahara, inda ya kawo hujjar cewa mai fasaha zai iya rayuwa da masoya na gaskiya dubu ɗaya masu sayen duk abin da ya fitar. Ko an yarda da lissafinsa ko ba a yarda ba, ya juya hankali zuwa inda ya dace.

Mai son katun mai motsi a YouTube ya san ƙa'ida tun kafin ya fara. Cikakken rabon kuɗin talla yana bukatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kuwa miliyoyin kallo a gajerun bidiyo. Minti ɗaya na katun kan ci kwanaki, alhali mai hira da kyamara zai cika awa a zama guda. Daga Janairun 2020 kuma, bidiyon da aka yi don yara ba a sa masa tallar da ke bin sawun mai kallo, abin da ya rage kuɗin da masu katun ɗin yara ke samu. Saboda haka kada a dogara da talla kaɗai. Adamu Waziri, da ya ƙirƙiri Bino and Fino a Abuja, ya haɗa da sayar da faifai da 'yar tsana ga iyayen da ke neman katun mai fuskar 'ya'yansu. Kada kuma a yi saurin barin makaranta ko aiki. Tayler shekara huɗu ya yi yana haɗa biyun, Munroe ma yana aiki da hukumar NASA ya fara, sai a 2006 ya koma zane gaba ɗaya.

Ran da aikin ya fara haske, masu takarda za su zo. Wannan rana ce ta farin ciki, kuma ita ce ta hatsari. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130, suka ƙare rayuwarsu suna kallon wasu na kwasar dukiya da abin da suka ƙirƙira. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai zane haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya zana shi, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Ke nan sa hannu shi ne komai. A bambance ba da izinin amfani na wani lokaci da sayarwa ɗungurungum, a kai takarda wurin lauya ko wani babba da ya san harkar, a kwana a kanta. Kamfanin kirki ba ya gudu don an ce a ba ni mako guda. Haɗin gwiwa mai kyau yana yiwuwa: Kugali, da Ziki Nelson da Tolu Olowofoyeku da Hamid Ibrahim suka kafa, ya yi aiki da Disney suka fitar da katun ɗin Iwájú a Fabrairun 2024 da sunansu a kai, bayan shekarun da suka yi suna tara nasu jama'ar.

'Yata, ke kuma akwai naki na daban. Mace mai fito da aikinta fili takan gamu da masu shigowa da maganar da ba ta shafi zane ba. Ba dole ba ne ki sa hotonki ko sunanki na yanka, ONE ya kai inda ya kai da sunan aro. Ki raba lambar aiki da ta gida, ki toshe mai rashin kunya ba tare da jayayya ba, ki kuma sanar da na gida abin da kike yi tun farko, domin goyon bayansu zai yi miki rana. Akwai labaran cikin gida, na makarantar kwana, na asibitin haihuwa, da ba mai zana su daidai sai ke.

Ga kowa kuma, alƙalamin barkwanci yana da kaifi. Dariyar da aka samu ta hanyar wulaƙanta wata ƙabila, ko mai lalurar jiki, ko taɓa abin da mutane ke girmamawa na addini, takan kawo jama'a da sauri, amma irin jama'ar da ba a gina komai da su, wani lokaci ma ta jawo abin da ya fi ƙarfin mai zanen. Sukar masu mulki aiki ne mai daraja, Mustapha Bulama ya shekara da shekaru yana yin sa a jaridar Daily Trust, sai dai a lura yadda irinsu ke dukan aiki da manufa, suna tsayawa a kan abin da ya tabbata. Mai karatu da ya yi gyara da ladabi a amsa masa da ladabi, wanda ya tsaya tun farkon tafiya a san sunansa.

Ba lallai ne mutum ɗaya ya iya komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Penny Arcade ma mutum biyu ne, Holkins na rubutu, Krahulik na zane. Wanda hannunsa ke da kyau amma labarinsa ba ya tashi ya nemi marubuci, ga su nan birjik a ƙungiyoyin marubuta na Kano da Kaduna da Katsina. Masu zane biyu su yi musayar baƙunta, wannan ya zana jarumin wancan na mako guda, jama'ar kowanne su san ɗayan. Sai dai tun kafin shafin farko ya fita, a zauna a rubuta wa ya mallaki jaruman, yaya za a raba abin da ya shigo, wa ke riƙe da lambar sirrin shafi, kuma me zai faru in ɗaya ya samu aiki a wani gari ya ce ya gaji. A sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, wani babba ya shaida.